Littattafan 'yan'uwa maza na ƙananan garuruwan Amurka: mijin ake so ko gidansu?

Maman Ihsan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya kwana biyu yana ci mini rai, na ce bari in kawo shi nan mu tattauna. Tun bayan babbar sallah nake karanta wasu littattafan soyayya na Turanci masu zubi ɗaya: ƙaramin gari a Amurka inda kowa ya san kowa, gida guda mai 'ya'ya maza uku ko huɗu, wani lokaci har shida, kowane ɗa da littafinsa. A na farko wannan ya samu mata, a na biyu ɗan'uwansa, a haka har a gama da su kaf. Na karance guda uku na Nora Roberts a kan 'yan gidan Montgomery, yanzu ina tsakiyar na 'yan gidan Quinn.

Abin da na lura da shi a kaina shi ne, in na rufe littafi ba kalaman soyayyar ne suke tsaya mini ba. Wurin da nake komawa in sake karantawa shi ne inda aka kai yarinyar gidansu saurayin karo na farko, uwar ta jawo mata kujera, 'yan'uwansa suka shiga tsokanarta kamar sun shekara da saninta. Ranar da wani ya taɓa ta kuwa, ba saurayin kaɗai ke fitowa ba, gidan ne gaba ɗaya.

Ni matar gidan yawa ce. Maigidana shi ne na uku cikin maza biyar, shekarata 11 a cikinsu. To tambayata: mata miliyoyin da ke sayen littattafan nan, mijin suke nema a ciki ko danginsa? Sannan me ya hana marubutanmu na Hausa yin irinsu, alhali mu ne muke da gidan yawa na gaske?

Zee 'yar BUK:
Wa alaikumus salam Anti. Wallahi kin taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ni ta TikTok na shiga harkar, da na Elsie Silver na fara, 'yan gidan Eaton masu gonar kiwon shanu a Kanada. Ɗaya sana'arsa hawan bijimi a gasa, kamar hawan ƙaho na wajenmu sai dai shi a gadon baya ake zama, ɗaya soja, babbansu kuma shi ke riƙe da gona da ɗansa ƙarami ba uwa a gidan. Tun a littafin farko na zaɓi nawa a cikinsu, na zauna jiran a zo kansa.

Hajiya Malama:
Wa alaikumus salam Maman Ihsan. Allah ya yi miki albarka da wannan tambaya. Bari in ɗan koma baya, don na girme wa yawancinku a karatun nan.

Lokacin da muke makarantar kwana a shekarun 1980, Mills & Boon muke karantawa, littafi ɗaya sai ya zagaye ɗakin kwana har bangonsa ya cire. Kamfanin Ingila ne, tun 1908 aka kafa shi, Harlequin na Kanada ya saye shi a 1971. Jarumin wancan zamani mutum ne shi kaɗai kamar ya faɗo daga sama: attajiri, mai ɗaure fuska, ba ka jin labarin uwarsa balle ƙaninsa. Ita ma yarinyar yawanci marainiya ce ko sakatariyarsa. Su biyu ne a duniyar, sai wata mace da ake sakawa don a yi kishi da ita.

Da Amurkawa suka shigo da ƙarfinsu ne abin ya sauya. An buɗe kamfanin littattafan soyayya na Silhouette a 1980, a can Nora Roberts ta fitar da littafinta na farko a 1981, bayan ta fara rubutu a 1979 lokacin da guguwar ƙanƙara ta tsare ta a gida da 'ya'yanta maza biyu. Ki riƙe wannan: ita kaɗai ce mace a gidansu cikin yayye maza huɗu, ta kuma haifi maza. Shi ya sa in mazan littafinta suna faɗa ko suna zolayar juna za ki ji kamar a tsakar gida kike. A 1995 da 1996 ta fitar da na 'yan gidan MacKade su huɗu: wanda ya bar gari da sunan fitinanne ya dawo, da lauya, da shugaban 'yan sandan garin, da manomi. Daga irin waɗannan ne zubin ya zauna da gindinsa.

Amsar tambayarki ta farko a wajena: gidan ake so. Mijin ƙofa ne kawai.

Malam Bala mai littattafai:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ni na yi shekaru ina ba da hayar littattafan Hausa a shago kafin waya ta kashe kasuwar, don haka ta fuskar ciniki zan duba. Mu a nan labari ɗaya ake yankawa gida uku ko huɗu, a tsaya daidai inda rai ya ɗauko a ce mu haɗu a littafi na biyu. Su kuma sun samo dabarar da ta fi wannan. Kowane littafi labarinsa na ƙarewa, an daidaita, mai karatu ta samu natsuwa, amma an riga an nuna mata ƙanin nan mai shiru-shiru da ke zaune a gefe da wani ciwo a ransa. Dole ta dawo. Marubuciyar ta gina gari sau ɗaya, ta gina gida sau ɗaya, ta ci kasuwar littafi shida a kai. 'Yan'uwa maza a nan jari ne, kada mu kai abin inda bai kai ba.

Ummu Haidar (marubuciya):
Malam Bala ya faɗi gaskiya ta wani ɓangaren. Tun da Amazon ta fito da Kindle Unlimited a 2014, inda mai karatu ke biyan kuɗin wata ta karanta iya son ranta, sannan daga 2015 aka koma biyan marubuci gwargwadon shafukan da aka karanta, jerin littattafai ya zama shi ne abinci. Abin da ake biya a shafi bai kai senti ɗaya ba, sai an tara shafuka masu ɗimbin yawa. Wadda ta riƙe mai karatu littafi shida ta fi wadda ta burge ta a guda ɗaya. Penny Reid maza shida ta ba gidan Winston na jihar Tennessee, ga mace ɗaya, kowa kuma ya samu littafinsa.

Amma Malam, ciniki ba ya bayyana dalilin da ya sa 'yan'uwa ne suka fi karɓuwa. Ai ana yin jerin abokan aiki, ana yin na 'yan ƙwallo, ana yin na sojoji. Me ya sa na gida ɗaya ya fi shiga rai?

Yaya Sani daga Baltimore:
Salamu alaikum. Ni ba ma'abocin littattafan soyayya ba ne, uwargidana ce take karantawa, amma shekarata 14 a jihar Maryland ta Amurka, kuma saboda ita na taka har Boonsboro, garin da labarin 'yan gidan Montgomery ya faru a cikinsa, don haka bari in sa baki.

Garin gaske ne, ba ƙirƙira ba. Mutanensa ba su kai 4,000 ba, babban titi ɗaya ne ya ratsa shi. Masaukin da 'yan gidan Montgomery suke gyarawa a cikin labarin yana nan a tsaye, na Nora Roberts ne ita da mijinta. Gobara ta cinye ginin a 2008 ana cikin gyara, suka sake tayar da shi aka buɗe a 2009, littattafan suka biyo baya a 2011 da 2012. Kantin littattafan da ke cikin labarin shi ma yana nan a kan titin, mijinta ne ya buɗe shi tun 1995. 

Game da tambayar Ummu Haidar, abin da idona ya gani shi ne kaɗaici. A ƙidayar 2020 an samu fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen ƙasar nan mutum ɗaya ne rak a ciki. A 2023 babban likitan gwamnatin tarayya, Vivek Murthy, sanarwa ta musamman ya fitar cewa kaɗaici ya zama annoba. Ina da abokin aiki da rabonsa da ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya shekara shida, ba faɗa suka yi ba, wannan na gabas wancan na yamma, jirgi awa biyar. Yawancin gidaje 'ya'ya biyu ne ko ɗaya. Matar da ta dawo daga aiki ta buɗe ƙofa ba mai yi mata sannu da zuwa, in ta ɗauki littafin da maza shida ke cika gidan uwarsu da hayaniya kowace Lahadi, abin da ta rasa take karantawa.

Maman Ihsan:
Yaya Sani na gode ƙwarai, ka buɗe mini ido. To amma ni fa? Ni hayaniya ba ta yanke mini ba ko na awa ɗaya. Yaran gidanmu kaɗai sun haura ashirin. Me ya sa ni ma nake jin wannan kwaɗayin?

Hajiya Malama:
Saboda ke kin san abin da aka cire daga ciki, 'yata.

Ki koma ki duba da kyau. Na ɗaya, kusan kullum uwarsu ɗaya. Babu 'yan ubanci, babu ɗakin wance da ɗakin wance. Na biyu, uban ya rasu ko ya gudu, amma ba za ki taɓa ganin an zauna rabon gado an tashi baram-baram ba. Kamfanin gini ko gonar ta kowa ce, kuma kullum tana kawo riba daidai yadda za ta ishi kowa. Na uku, wanda ya fi duka: kowace mace da gidanta, da ƙofarta, da tukunyarta. Ana haɗuwa a ci abinci a yi dariya, dare ya yi kowa ya ja matarsa ya tafi. Ba a haɗa murhu, ba a haɗa igiyar shanya, ba wadda ke ƙirga naman da aka kai sashen wata. Uwar miji kuma ba ta da iko a kan kowa, sai ba da shawara da rungume mutane.

A na Montgomery ɗin da kika karanta, su wa mazan uku suka aura? Ƙawaye uku, aminan juna tun kafin aure: mai kantin littattafai da mijinta soja ya rasu a Iraƙi ya bar ta da yara maza uku, da mai gidan abinci, da mai kula da masaukin. Wato an ɗauko facaloli an mai da su aminai tun kafin a ɗaura. Mu da muke kiran facala kishiyar sauri mun san girman abin da aka kawar a nan. An ba ki daɗin gidan yawa, an zare miki ƙayarsa.

'Yar Maraɗi:
Hajiya kin gama magana. Mu nan Nijar da Faransanci muka san Harlequin, a kasuwa ake samun tsofaffinsu. Ina karantawa ina cewa a raina, waɗannan ba su taɓa haɗa ranar girki da facala ba.

Abu Safwan:
Ku yi mini haƙuri, ni ban ga abin yabo a nan ba. Na leƙa ɗaya daga cikin irin waɗannan a wayar ƙanwata, abin da na gani ba zai faɗu a nan ba. Ana zaman daduro kafin aure, ana shan giya a mashayar gari kamar ruwa, uwa tana murna ɗanta ya kwana a gidan budurwa. Wannan ne zumuncin da za mu koya? Gara a ce wa yaranmu su nisance su kawai.

Hajiya Malama:
Abu Safwan, ba ka yi ƙarya ba, kuma ba zan kare wannan ba. Da yawansu, musamman sababbin da ake tallatawa a TikTok, akwai batsa tsirara a ciki, ban yarda yarinya ta ɗauka ba. Masu karatun can da kansu sun raba su gida biyu, akwai wanda suke cewa an bar ƙofa a buɗe, akwai wanda aka rufe ƙofa, wato labari ya tsaya a bakin ɗaki. Harlequin na da wani sashe mai suna Love Inspired tun 1997 na masu riƙo da addinin Kirista, babu ko ɗaya daga abin da ka lissafa a ciki. Sai dai ka sani, abin da ka gani a wayar ƙanwarka akwai wanda ya fi shi muni da Hausa, ana sayar da shi a rukunonin WhatsApp da sunan littafin matan aure. In za mu yi tsaro mu yi shi ta kowace ƙofa.

Maganar da muke yi a nan daban ce: me ya sa zuciyar mace ke karkata ga gidan da ya karɓe ta hannu biyu.

Abu Safwan:
Na ji Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. Na Hausar ma ina yaƙi da su. Amma ina nan a kan bakana game da 'yan mata.

Yaya Sani daga Baltimore:
Akwai wani abin da aka cire wanda Hajiya ba ta ambata ba, shi ne halin da ƙananan garuruwan suke ciki a zahiri. Boonsboro na da kyau, masu yawon buɗe ido na zuwa. Amma ka tuƙa mota ka shiga West Virginia da ke maƙwabtaka, za ka ga garuruwan da ma'adinan kwal suka mutu suka bar su, shaguna a rufe, matasa sun gudu birni. Asibitocin karkara fiye da 100 aka rufe a ƙasar nan daga 2010 zuwa yau. Shaye-shayen ƙwayoyi ya kashe sama da mutum 100,000 a shekara a 2021 da 2022, karkara kuma ba ta tsira ba. A littafi kuwa maza huɗu majiya ƙarfi duk sun zauna a garinsu, kowa da sana'ar da ke ci da shi. Wannan kaɗai mafarki ne ga iyaye da yawa a can.

Sannan kusan kowa a garuruwan littattafan nan farar fata ne. Ni da na shiga irinsu da iyalina, uwargida da hijabinta, an yi mana fara'a a wurare, an kuma bi mu da ido a wurare. Ba kowa ne ake jawo wa kujera ba.

Zee 'yar BUK:
Yaya, akwai baƙaƙen fata masu rubuta nasu. Beverly Jenkins na da jerin da ta fara a 2009 a kan wani gari a jihar Kansas da 'yantattun bayi suka kafa, wata mata ta saye shi da dukiyar da ta samu bayan mutuwar aurenta, ta kwaso yaran da ba su da kowa ta raba wa mutanen gari riƙo. Garin ƙirƙira ne, amma irinsa na gaske akwai, Nicodemus, an kafa shi a 1877. Ba na 'yan'uwa maza ba ne, amma ɗumin iri ɗaya ne.

Maman Ihsan:
Maganar riƙo ta dawo da ni kan 'yan gidan Quinn, kuma a nan nake ganin hukuncin Hajiya bai kama su duka ba. Su ba jini ɗaya ba ne ko kaɗan. Wani malamin jami'a da matarsa likitar yara ne suka tsinto su ɗaya bayan ɗaya, yara uku da duniya ta gama wulaƙantawa, wanda aka daka, wanda uwarsa ta sayar da mutuncinsa, wanda aka harba a titi. Suka girma a bakin ruwan Chesapeake da ke jihar Maryland. Uban na gargarar mutuwa bayan haɗarin mota ya ɗora musu amanar wani yaro ɗan shekara 10 da ya ɗauko. Babban ya bar tseren jiragen ruwa a Turai, na birni ya riƙa zirga-zirga, mai kamun ƙaguwa ya buɗe musu hannu, suka koma gida ɗaya suka fara ƙera jiragen ruwa na katako don hukuma ta yarda ta bar musu yaron.

A nan ba a ɓoye wahala ba. Suna faɗa har da dambe, kuɗi na yanke musu, gari na tsegumin cewa yaron ɗan gaba da fatihar ubansu ne. Abin da ya sa ni kuka shi ne yaron nan da ba ya yarda a taɓa shi, yana kwana a shirye don gudu, har ranar da ya gane cewa waɗannan ƙartin uku ba za su mayar da shi ba. Na tuna marayun da ke gidajenmu, waɗanda muke ci da su muke sha da su amma kullum ana tuna musu cewa riƙo ne.

Baban Walid:
Tun ɗazu nake karantawa ban yi niyyar magana ba, amma abin ya zo kaina.

Mu bakwai ne maza a wajen mahaifinmu, ɗaki biyu. Muna gandu tare, gona ɗaya, rumbu ɗaya, kowa da 'yar gayaunarsa da yake yi da yamma. Duk ƙauyen ana misali da mu. In ɗayanmu zai yi aure, daga rumbun nan ake fitar da komai. Tsoho ya rasu bayan an yi girbi, kafin damina ta zagayo an kira masu auna gona. Ba wanda ya zagi wani, ba a je kotu ba, an raba yadda shari'a ta ce. Amma daga ranar aka ja katanga a tsakar gida, aka raba tukunya. Yau shekara tara, wanda muke kwana a tabarma ɗaya da shi sai a wajen jana'iza muke gaisawa. Mutane na cewa matanmu ne suka raba mu. Ba gaskiya ba ne, kuma zalunci ne a ɗora musu. Mu ne muka riƙe abubuwa a ciki tun muna yara, wa aka fi so, ɗakin wa aka fi kai wa cefane, tsoho ne kawai ya danne su da ransa.

Ban taɓa karanta littafin da kuke magana ba. Amma in akwai wanda ke nuna maza sun rasa uba sun ƙara matsowa kusa da juna maimakon su watse, ban ga laifin wanda ya karanta ya ji sanyi ba. Ni ma da zan samu da Hausa zan karanta.

Hajiya Malama:
Allah ya jiƙan mahaifinku, Baban Walid, ya daidaita tsakaninku. Zumunta a ƙafa take, kai ka fara takawa ko da shi bai tako ba. Na kuma karɓi gyaran Maman Ihsan, na 'yan gidan Quinn ya fi sauran nauyi. A na MacKade ma akwai matar da mijinta ke duka, ɗan sandan cikinsu ya yi shekaru yana sonta a ransa bai furta ba har ta samu ta kuɓuta. In marubuciya ta iya, tana sa ƙayar a ciki.

Ummu Haidar (marubuciya):
To bari in amsa tambaya ta biyu, tunda mu aka jefa wa ita. Me ya hana mu?

Gaskiya mai ɗaci ita ce, rikici ne ke sayar da labari a wajenmu. Na taɓa rubuta facaloli biyu masu ƙaunar juna, masu karatu suka yi ta turo mini saƙo suna tambaya yaushe ne asirin ɗayar zai tonu. Ba su yarda alheri ne tsagwaronsa ba. Mun saba: uwar miji muguwa, ƙanwar miji 'yar sa ido, facala mai bin malamai, wan miji mai cin dukiyar marayu. In gidan attajirai ne mai samari da yawa, to auren zumunci ne na dole, yaya mai taurin kai da ƙanwar da aka liƙa masa. Samarin gida ɗaya muna da su a littattafanmu, amma ado ne, ba a bin kowannensu a ba shi labarinsa da sana'arsa da raunin zuciyarsa.

Sannan mu birni muke gudu. Jaruminmu na Abuja ne ko Dubai, ƙauye wurin da ake ɗauko yarinya ne a wanke ta. Su kuma akasin haka, yarinyar ce ke baro birni a gajiye ta zo ƙaramin gari ta samu kanta. Wa ya taɓa rubuta jarumi mai gyaran injin ban ruwa a Kura, ƙaninsa malamin firamare, wansu mai awon hatsi a Dawanau?

'Yar Maraɗi:
Ummu Haidar, kada ki ce ba a yarda da alheri. Ni shaida ce. Aurena na farko ya mutu, na shigo gidan nan da ɗiya a hannu ina jin kunyar kowa. Matar babban wan mijina ce ta karɓi ɗiyar ta goya, ta ce wa yaran gida ga ƙanwarku. Da na yi ciwon haihuwa ita ta kwana arba'in tana dafa mini ruwan wanka. Mun saɓa ba sau ɗaya ba, harshe da haƙori ma suna saɓawa, amma ko ɗiyar tawa aka tambaya wace ce uwarta sunanta take fara kira. Irinmu na da yawa, ba a rubuta mu ne kawai.

Malam Bala mai littattafai:
In za ki yi, Ummu Haidar, shawarata kada ki kwafo nasu. Kada ki mai da su 'yan ɗaki ɗaya don ki huta. Ki bar su ɗaki biyu, ki bar gonar gado a tsakiya, ki bar tukunya ɗaya. Sannan ki nuna yadda aka yi suka tsaya tare duk da haka. Wannan ne mai karatunmu zai gaskata. Kuma kowane littafi ki rufe shi da aurensa, kada ki yanka mana shi a tsakiya.

Ummu Haidar (marubuciya):
Malam, ka ba ni aiki. Ina ganin maza biyar, uku ɗakin uwargida, biyu ɗakin amarya, sai na shida ɗan riƙo wanda ba a gaya masa asalinsa ba. Zan buɗe da ranar sadakar bakwai ta mahaifinsu, kowa na satar kallon babban wa yana jiran ya ce a kira masu auna gona. Abin da ban yanke ba shi ne wanda zan fara da labarin aurensa, babban ko ɗan riƙon.

Zee 'yar BUK:
Ɗan riƙon ki ajiye shi ƙarshe Anti, shi za mu yi ta jira.

Maman Ihsan:
Ni kuma roƙona ɗaya ne, ki ba matan nasu baki. Kada su zama kyautar da ake raba wa maza ɗaya bayan ɗaya. Ki nuna daren farko da amarya ta fito tsakar gida ba ta san inda ake ajiye tsintsiya ba, da wadda ta taso ta nuna mata. Baban Walid, in ba damuwa, Ummu Haidar za ta iya tuntuɓarka ta ji yadda ake tafiyar da gandu? Mu 'yan birni ba mu san kan abin ba.

Baban Walid:
Ba damuwa, ta turo tambayoyinta nan cikin rukuni kowa ya amfana. Sai dai ta bari sai bayan isha'i, yanzu ina hanyar gona ne, muna cire masara.